Tsumman da Mudi Ke Ɗaura wa Waya

Yaran tasha na yanzu suna cewa ƙara wa inji batir na biyu ba aiki ba ne. Wai ka kawo batir, ka ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, ja da ja, baƙa da baƙa, ka ɗaure, ka tafi wurin mai shayi. Jikata Nafisa ce ta kawo mini wannan magana daga bakin saurayin da ke zuwa zance wurinta, wanda ko kanta bai yi a hannu ba tukuna. Na ce ta ɗauko abin rubutu, tunda ni ban yi boko ba, in ta gama ta kai masa ya karanta wa abokansa. In na tsaya ina kuka ta jira ni, ba sai ta rubuta kukan ba.

Sunana Kulu. Mijina shi ne Mudi Rewaya, mai gyaran wayar mota a bakin tashar Talata Mafara, Allah ya jiƙansa. Duk zamanmu ban taɓa kama sunansa ba, Malam nake cewa. Yanzu da ya tafi ya bar ni ina kiransa safe da yamma, Mudi, Mudi. In ya ji haushi ya dawo ya hana ni.

Aikin farko da na sa wa hannu, wayar wata akori-kura ce mai jigilar Bakura. Lallen aure bai gama fita a ƙafata ba. Ya shigo bayan la'asar da wani ƙullin wayoyi a kafaɗa kamar hanjin sa, ya baza a tabarma tsakar gida, ya leƙa zaure ya ga ba kowa, sannan ya tsuguna.

Ya ce, "Kulu, wacce ce ja a nan?"

Na ɗauka gwada ni yake yi, irin yadda dangin miji ke gwada amarya da tuwo. Na nuna masa.

"Wannan fa?"

"Koriya."

Ya juya su a hannu. Can ya ce, "Ni duk ɗaya nake ganinsu. Kamar ruwan kududdufi."

Nan take abubuwa suka warware mini. Tun da aka kawo ni, kullum ya je cefane sai ya dawo da ɗanyen tumatir haɗe da nunanne, ina ta zagin masu tumatir a zuciyata cewa sun raina shi. Na tuna hular da ya sa ranar ɗaurin aure, wadda ƙawayena suka yi ta ƙyaƙyatawa a kai.

Na ce, "Wa ya sani?"

"Allah. Sai ke yanzu."

"To da me ka koyi aikin?"

Ya nuna mini bayan hannunsa, duk tabon ƙuna. Ya ce ubangidansa ya yi ta dukansa da bel ɗin fanka, yana cewa ganganci ne. Da ƙwan gwaji ya tsira, wato ɗan ƙwan fitila da aka ɗaura wa waya biyu, in ka taɓa wurin da wuta take sai ya kama. Ƙwan yana gaya maka wuta na nan, amma ba ya gaya maka ina wayar ta nufa bayan ta shige cikin 'yan'uwanta. Wannan sai launi.

Na ce, "Ashe makaho aka aura mini."

Ya ce, "Ba makaho ba ne, ina ganin tsawon bakinki sarai. In mutane suka ji, ko fitilar keke ba za a ƙara kawo mini ba."

Daga ranar na zama idonsa. Ƙaramin aiki yana yi a rumfa da ƙwan gwaji. Babban aiki kuwa sai ya kwance wayar gaba ɗaya ya ce wa mai mota, "Wannan sai ta kwana a gidana." Muna yi da rana, domin launi ba ya faɗin gaskiya a hasken fitila. Ni in faɗi launi, shi ya faɗi aikin wayar, sai in ɗaura mata alama da zai gane in ya koma tasha.

Alamar ta samo asali ne daga ɓarna. Ni ke kula da batura a gida. Direba ya kawo wanda ya yi sanyi, in buɗe murafunsa, in duba ruwansa, in ƙara, in sa a caji, in wanke kawunansa da ruwan kanwa har farin garin nan da ke cin dalma ya fita. Ruwan batir kuwa ba ya jin kunyar zane. Ɗigo ɗaya ya faɗa, ba za ki ga komai ba sai ranar wanki, ki ɗaga zane ki hango maƙwabta ta cikinsa. Zannuwan da suka huje su nake yagawa siri-siri. Mudi ba ya ganin launinsu, amma yana ganin zanen da ke jiki. Mai ganye, waya mai wuta kullum. Mai ɗigo-ɗigo, wadda ake ɗaure wa a jikin ƙarfe. Mai tsuntsu, ba ta da wuta sai an murɗa makulli. Mai ratsi, sai inji na tafiya.

Abin da wannan ya ja mini shi ne, duk tsawon aurena atamfa iri huɗu nake sawa. In mai ganye ta ƙare, dole a nemo wata mai ganye ranar Talata, ranar kasuwarmu. Matan unguwa suna cewa Kulu ba ta san yayi ba. Sun yi yayinsu sun gama, ni kuwa zanena ya je Sakkwato, ya je Gusau, ya je har Legas a cikin tirela, ina zaune ina tankaɗe.

Masu mota ba su san wannan ba, suka yi wa abin fassara irin tasu. Mutum ya ɗauki waya ya kai gida ta kwana, ta dawo da tsummoki a ɗaure, mota ta daina ƙona fiyus. Me ya rage? Suka ce tofi yake yi. Wani direban bas ɗin Jangebe ya taɓa juyowa daga rabin hanya da fasinja cike, don yaron motarsa ya ga tsumma ɗaya ya faɗi. Ya ce ba zai ƙara taka mota ba sai an mayar. Mudi ya aiko gida, na yago masa daga mai tsuntsu, fasinja suna ta salati. Shi Mudi bai taɓa cewa asiri ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba asiri ba ne. Abin da yake faɗa kawai, "Kada ka cire." Na sha gaya masa wannan shirun zai ja mana magana. Sai ya ce maganar da ke kawo mota ba ta da laifi.

Mun ga shekaru masu daɗi, mun ga mummuna. Mummunar ita ce wadda hanya ta lalace da 'yan bindiga, aka rufe kasuwanni, aka yanke layin wayar salula. Mota ba ta tafiya balle ta lalace. Masu kawo cajin waya ma suka ɗauke ƙafa, wa zai yi cajin abin da ba ya magana? Mudi yana fita rumfa ya zauna yana goge filaya da sukudireba kamar zai kai su biki. Almajiran aikinsa suka watse, saura Sanusi, wanda ya taso a hannunsa har ya yi aure ya haihu. Matattun baturan da muka tara a bayan ɗaki su muka riƙa sayar wa masu narka dalma muna sayen gero. Na ce masa yau ga ranar gawa, rayayyu sun kasa ciyar da mu. A shekarar ne ya gyara wa kowace tsohuwa a unguwa tocilanta kyauta, don kada hannunsa ya manta.

Yanzu ga maganar batir na biyu, saurayin Nafisa ya buɗe kunne.

Akwai wani manomin shinkafa, Malam Buhari, daga wani ƙauye cikin fadama a ƙasar Maradun. Ya sayi babur mai ƙafa huɗu a hannun wasu baƙi da suka zo aikin noman rani suka tafi. Gajere ne, mai faɗi, tayoyinsa kamar turmi. Mutanen ƙauyen suka sa masa suna Kwaɗo. Da rani abin dariya ne. Da damina kuwa, in taɓo ya rufe hanya, mashin ya kasa, mota ba ta ko gwadawa, Kwaɗo ne kaɗai ke fitar da marar lafiya da mai naƙuda zuwa bakin titi. Da maɓalli ake tayar da shi. Igiyar da ake ja in batir ya mutu ta daɗe da tsinkewa.

Ciwon Kwaɗo ba a jikinsa yake ba, a jikin Buhari yake. Garin ba wuta. Kowa ya san akwai batir a ƙarƙashin kujerar Kwaɗo. Surukinsa ya miƙo waya, "A ɗan sa mini caji." Liman ya aiko a ara masa don lasifika. Mai unguwa yana son jin labarai. Buhari mutum ne mai kunya, kalmar a'a ba ta taɓa fita bakinsa ba tun da aka yaye shi. Ranar da ake neman Kwaɗo da gaggawa, a danna maɓalli ya yi ƙyat, ya yi shiru.

Ya zo ya ce a sa masa babban batir. Mudi ya ce masa, "Ko na tirela na sa maka, surukanka za su shanye shi. Biyu za a yi. Ɗaya na jama'a, su kashe abinsu. Ɗaya na tashi, ba mai taɓa shi, har kai."

Ga yadda ya bayyana mini a tabarma, da ya kawo wayar gida. In ka haɗa batir biyu kai tsaye, ba biyu ka yi ba, ɗaya ka yi mai ƙiba. Abin da ya sha wannan ya sha wancan, kamar fangali biyu da aka fasa kunyar da ke tsakaninsu. Dole a sa ƙofa a tsakani, irin ƙofar ruwan madatsar Bakalori, da mai gadinta. Mai gadin shi ne rile, ɗan akwati baƙi da bai kai kwalin ashana biyu ba. In inji na tafiya ya buɗe, wuta ta shiga duka biyun. In inji ya tsaya ya rufe.

Na ce, "To a haɗa shi da makulli mana, mai tsuntsu."

Ya ce, "Kin san mutanenmu kuwa? Kafin sati wani zai gano in an murɗa makulli caji na dawowa. Sai su murɗa su bar shi. Mai ratsi za mu nema. Ba mai iya zama yana ƙona wa Buhari mai don cajin waya, ƙarar za ta tona shi."

Wayar Kwaɗo kuwa kamar don Mudi aka yi ta da mugunta. Mai wuta ja ce, ta jikin ƙarfe koriya, daidai biyun da ba ya rarrabewa. Na ɗaura tsummoki da kyau. Mai ratsi ta faɗa kan wata siririya mai ruwan ɗorawa. Ya mayar da wayar jikin injin, mai walda ya yi masa mazaunin batir a kan kariyar baya inda ake ɗaura kaya, ya yanke inda zai yanke. Ya dawo gida ran nan ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kwanta kafin azahar. Bai ƙara komawa tasha ba.

Dakata, Nafisa.

To. Rubuta.

Na shiga takaba. Yayarsa, Yaya Ige, ta tare a gidan don ta zauna da ni, ko in ce don ta yi gadina. Kwaɗo yana rumfa da hanji a waje, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sanusi ya ce zai ƙarasa aikin ubangidansa. Abin da ban sani ba shi ne, kafin ya fara sai da ya bi ya kwance tsummokin nan ɗaya bayan ɗaya. Sanusi mutum ne mai zuwa karatu, ya daɗe abin na damunsa. Ya ga kamar yana sauke wa mamaci kaya ne. Rilen yana cikin aljihun rigar da Mudi ya dawo da ita, tana rataye a ɗakina, don haka bai ma san da shi ba. Ya yi abin da saurayin Nafisa ya ce. Ja da ja, ya ɗaure, Kwaɗo ya tashi, Buhari ya hau ya tafi.

Ba a daɗe ba aka yi walimar saukar karatu a ƙauyen. Lasifika ta wuni tana aiki, kowa yana yabon sabon batir da ba ya gajiya. Ruwan farko ya sauka a kai. Washegari mahaifiyar Buhari ta tashi da ciwon ciki mai tsanani. Aka danna maɓalli, ƙyat. Duka biyun sun mutu tare. A amalanken shanu aka fitar da tsohuwar cikin taɓo, ta rayu, amma an ce tun daga ƙofar gida har bakin titi ba ta bar kowa a zuriyar Buhari ba ta zaga ba.

Aka jawo Kwaɗo zuwa Talata Mafara. Magana ta tashi a tasha, ta biyo masu zuwa gaisuwa har ɗakina. Wasu suka ce ai an cire layun, dole aiki ya lalace, Mudi ya tafi da abinsa. Wasu suka ce Allah dai ya yafe masa, da tsibbu ya ci abinci. Na haɗiye wannan. Wanda ban iya haɗiyewa ba shi ne saƙon da Sanusi ya ba Yaya Ige daga zaure. Ya ce a gaya wa Inna, wato ni, ta kwantar da hankalinta, kullum yana sadaka yana roƙa wa Baba gafarar abin nan na tsumma.

Yaron da ya ci tuwona tun ba shi da gemu. Yana son Mudi kamar ubansa, kuma ya yarda Mudi ya mutu da shirka a wuya.

Na zauna da rigar nan a cinyata. Mudi bai taɓa ba ni izinin faɗa ba. Ko dai in rufe bakina a riƙa tunawa da shi a matsayin boka, ko in buɗe a san gwanin waya na Talata Mafara bai san ja da kore ba, matarsa ke nuna masa. Na tuna maganarsa ta fitilar keke. Na ce, Mudi, yanzu wa zai kawo maka fitilar keke?

Na ce wa Yaya Ige a gaya wa Sanusi ya kawo Kwaɗo gida.

Ta ce, "Gida wane? Kina takaba."

"Shi ya sa. Ni ba ni fita, shi ya shigo."

Ƙofar zaure ta yi masa kaɗan. Ta bayan gida aka bi, inda katanga ta zube aka toshe da zana, wurin awaki. Sanusi da mai walda suka turo shi har gindin dalbejiya. Mai walda ya fita, Sanusi ya tsuguna nesa yana kallon ƙasa, muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya kamar bai taɓa yi ba. Yaya Ige ta jawo kujera ta zauna tsakaninmu da carbi.

Ta ce, "Mai takaba da sifana. Na tsufa ban gani ba."

Na ce, "Yaya, kwalli aka hana ni, da turare, da fita. Baƙin mai kwalli ne?"

"In kin shafa a ido."

Na tambayi Sanusi ina tsummokin. Ya ce ya yi niyyar ƙonawa, hannunsa ya ƙi. Ya ciro gwangwanin madara daga aljihu ya turo mini. Na zazzage a tabarma, na jera su.

Na ce, "Wannan mai ganyen, da shi na je sunan ɗanka na fari. Wannan mai ɗigon, Mudi ya saya mini da ƙaramar salla, yana cewa shuɗi ne, alhali kalar hanta ne. Ka ga rubutu a jiki? Ka ga an naɗe wani abu a ciki? Warware ka duba."

Ya warware ɗaya. Tsumma ne, da hujin ruwan batir.

Sai na gaya masa duka, tun daga akori-kurar Bakura. Ya ajiye tsumman a tabarma. Can ya ce, "Inna, wata rana ya aike ni in sayo jan salatef, na kawo kore don in tsokane shi. Ya karɓa ya ce madalla. Na ɗauka haƙuri ne ya yi da ni."

Ya sa hula a fuska yana kuka. Ni ma na fara. Yaya Ige ta tsayar da carbi ta ce, "Ashe shi ya sa. Tun yana yaro in anka aike shi tsinko barkono, ɗanye yake kawowa. Mu mun ɗauka wauta ce, mun yi ta duka."

Na yi dariya da hawaye har na shaƙe. Na ce wa Sanusi, "Gobe ka je tasha ka faɗa wa kowa."

"Za su yi masa dariya, Inna."

"Su yi. Dariya ba ta kai mutum wuta. Ɗauko filaya."

Shi ke da hannu, ni ke da abin da Mudi ya faɗa a tabarma. Muka fara cire koriyar waya a kan kowane batir, domin ita ake fara cirewa, ita ake gama mayarwa, in ba haka ba sifana ta taɓa ƙarfe ka ga walƙiya da rana. Muka raba auren da Sanusi ya ɗaura musu. Na sa duka biyun a caji har suka farfaɗo. Na wanke kawunansu da ruwan kanwa, na shafe da man shafawa don kada su yi gari. Yaya Ige ta ce mai ma an hana. Na ce batir ba ya takaba.

Muka shimfiɗa yankin tsohon tub na taya a ƙarƙashin na biyun, muka ɗaure shi tam, don Kwaɗo tsalle yake yi ba tafiya ba, batir kuwa in ya sha jijjiga cikinsa zubewa yake. Waya mai kauri muka ja daga wannan zuwa wancan, muka zura ta cikin tiyo, muka kauce wa salansa da duk inda ƙarfe ke da kaifi. Fiyus biyu, kowanne dab da kan batirinsa, ba a tsakiya ba. Wayar da ta goge a hanya ba ta tambayar wane ɓangare ka tsare, daga duka biyun wuta za ta zo, mutum yana zaune a kan tankin mai.

Na ɗauko rilen daga aljihun rigar. Mudi ya riga ya liƙa masa wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, wanda ke sa wuta ta bi hanya guda, don wutar siririyar wayar nan kai da komowa take yi, in ba shi rile sai ya yi ta karkarwa. Sanusi ya ɗora ƙwan gwaji a kan mai ruwan ɗorawa. Ya murɗa makulli, ƙwai bai kama ba. Ya tayar da inji, ƙwai ya kama, awaki suka tsallake zana suka shiga gidan maƙwabta. Muka haɗa. Sannan muka kwashe wurin cajin waya da maƙalan lasifika, muka mayar da su kan na biyun kaɗai.

Gwaji ya rage. Na ce a yi masa irin na ƙauye. Muka jona fankar ɗakina, da rediyon Mudi, da wayar duk matar da ta shigo gaisuwa, muka murɗa makulli muka bar shi a murɗe. Sai washegari da hantsi fanka ta tsaya, rediyo ya yi shiru. Aka aika wa Buhari. Ya zo ya tsaya ta wajen zana, muka gaisa, ya yi mini gaisuwar rashi, na tambayi jikin tsohuwa, ya ce da sauƙi, bakin ne dai bai warke ba.

Na ce, "Malam Buhari, na jama'a ya mutu murus. Sanusi, danna."

Kwaɗo ya tashi bugu ɗaya.

Sanusi bai jira tasha ba, nan ya fara. Ya gaya wa Buhari komai, idon Mudi, da zannuwana, da abin da kowane tsumma ke nufi. Buhari yana ta girgiza kai yana cewa Allah sarki, Allah ya jiƙan Mudi, ashe haka abin yake. Da aka gama ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Na ji, Inna, na kuma yarda ba asiri ba ne. Amma dai a ɗaura."

Sanusi ya dube ni. Na ce ya ɗaura, atamfa ce, ba ta cizo. Ya mayar da kowanne inda na nuna masa. Saura waya ɗaya, mai kaurin nan da ta haɗa batir da batir. Ba ta da alama, domin Mudi bai kai gare ta ba. Na duba farin zanen takaba da ke jikina, marar ganye, marar tsuntsu, marar komai. Na kama bakinsa na ja, ya ƙi yaguwa. Ina jiran Yaya Ige ta yi magana. Sai ta ajiye carbi, ta kama gefen da haƙoranta da suka rage, ta fasa mini shi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Mutanen ƙauyen suna kashe batirinsu yadda suka ga dama, Buhari yana ce musu bisimilla da zuciya ɗaya. Batirin tashi kuwa bai taɓa ƙi ba. Buhari har gobe yana cewa farin tsumman nan ne.

A tasha kuwa an yi dariyar, kamar yadda Sanusi ya faɗa. An daina cewa boka. Yanzu in wani ya sa hular da ba ta dace da riga ba, ko ya sayo ɗanyen tumatir, sai a ce ya yi sayen Mudi, a yi dariya, wani ya ce Allah ya jiƙansa, a ce amin. Ban san ko zai yafe mini ba. In mun haɗu ya yi faɗansa, na saba.

Ranar Talata nakan aika a yi mini cefane, in ce wa mai zuwa ya haɗo da ɗanyen tumatir a ciki. Miyar ba ta daɗi. Ina sha.